Na Karɓo Satifiket Ban Taɓa Kwamfutar Ba

Zuwa ga Gwaggo Mairo,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki duba wagga takarda tawa kafin sauran da ke gabanki, domin sati uku kacal suka rage mani, kuma abin da ke damuna ba na iya faɗa wa kowa a garinmu. Ni da ake zuwa zaurena neman shawara, yau ga ni ina rubuto wa jarida. Kada ki sa sunana, kada ki sa na garin. Ki ce dai wani ƙauye ne a ƙasar Rabah. Waɗanda zan ambata kuma duk na sauya masu suna.

Ni hedimasta ne na firamare. Shekara talatin da uku ina shaƙar alli, saura biyu in aje aiki. Gidanmu gidan malanta ne na Fulani tun kakanni, ni ne na fara karkata zuwa boko, kuma sai da aka yi shekaru kafin baffannina su yafe mani. Duk wanda ya yi boko a yankinmu, ko dai ni na koya masa, ko na koya wa wanda ya koya masa. Ba alfahari nake yi ba. So nake ki gane tsawon wurin da zan faɗo.

Bayan kaka, wata ƙungiya ta haɗa hannu da masu kula da ilimi, suka zaɓi makarantu a Wurno da Rabah da Goronyo, suka ba kowace kwamfutocin hannu, irin masu faɗin nan da ake shafa fuskarsu da yatsa, da solar caji, da majigi guda. Mu mun samu ashirin. Akwai darussan karatu da lissafi a ciki, har da murya mai karanta wa yara. Sharaɗinsu shi ne kowace makaranta ta tura mutum biyu bitar kwana biyar a Sakkwato, hedimasta da malami ɗaya.

Allah shaida ne, da niyyar koyo na tafi. Ni ba mai tsoron na'ura ba ne. Injin ban ruwan da nake noman albasa da shi a fadama, da kunne nake gane ciwonsa, in kwance shi in ɗaure ban kira makanike ba. Amma ina shiga zauren bitar na tarar rabin mutanen ɗalibaina ne. Aka taso, aka durƙusa, aka karɓe jakata, aka kai ni kujerar gaba ƙarƙashin fanka. Malam Jelani, wanda yanzu yake riƙe da wata makaranta wajen Gandi, ya zauna damana. Malam Zayyanu na Wurno ya zauna haguna. Duka biyun na riƙe su a aji shida, yanzu kowannensu ya fara furfura.

Da mai koyarwar ta ce kowa ya kunna tasa, kafin in gano inda makunnin yake Jelani ya karɓa da hannu biyu, ya kunna, ya aje gabana. Da ta ce a buɗe darasin lissafi, Zayyanu ya riga shi. Haka suka dinga tsere a kaina. In na miƙa yatsa sai ɗayansu ya roƙe ni in huta, wai ba ya yiwuwa suna zaune Malam yana wahala. Ranar farko abin ya ɗan ba ni haushi. Rana ta biyu, in faɗa maki gaskiya, na fara jin daɗi. Rana ta uku na daina miƙa yatsan gaba ɗaya, na koma gyaɗa kai duk inda mai koyarwar ta tsaya, kin kuwa san babu aikin da hedimasta ya ƙware a kai kamar wannan.

Ranar ƙarshe aka ce kowa ya shirya darasi ɗaya a kwamfutarsa a gani. Jelani ya zuba hotuna a nawa, Zayyanu ya sa tambayoyi, kowa yana son ya fi ɗan'uwansa hidima. Da aka haska a majigi, darasina ya fi na kowa kyau, ya fi ma nasu, don sun ƙare lokacinsu a kan nawa. Mai koyarwar ta sa aka tafa mani, ta ce matasa su yi koyi da wanga dattijo. Sannan ta ce a zaɓi jagora ɗaya da zai koma ya horar da sauran malaman yankin da ba su samu zuwa ba. Kafin in buɗe baki zauren ya amsa da sunana. Na miƙe da niyyar in ce a nemi wani, sai na ga mai hoto ya riga ya saita ni, ga satifiket ana miƙo mani. Na karɓa, Gwaggo. Har murmushi na yi a hoton.

Shekaranjiya takarda ta iso. Malamai ashirin da bakwai za su zo makarantata bitar kwana uku, ni ne mai koyarwa, kuma wakiliyar ƙungiyar za ta zauna ta gani.

Yanzu ga inda abin ya ƙulle. Malami na biyu da makarantarmu ta tura Sakkwato ita ce malamar aji uku, zan kira ta Sa'adiyya. Ta iya abin nan kamar a hannunta aka ƙera shi. In na bi ta bayan tagar ajinta nakan ji yara suna bin muryar suna karatu, har waɗanda a da ke sulalewa zuwa fadama lokacin dashen albasa yanzu suna zama sai an tashi. Da wata ce, da tuni na kira ta ofis na ce ta nuna mani. To amma surukata ce, matar ɗana na fari, wanda ni kaina ban taɓa kiran sunansa da bakina ba.

Kin san al'adarmu, ba sai na yi maki dogon bayani ba. Shekara takwas tana gidana ba ta taɓa cin abinci a gabana ba. In ta ji gyaran muryata a zaure, kafin in shigo ta shige ɗaki. Da safe takan durƙusa daga nesa ta gaishe ni kanta a ƙasa, ni kuma in amsa ina kallon bango. A taron malamai bayan ƙofa take zama, in tana da magana ta faɗa wa Malam Maccido na aji biyar ya faɗa. Akwai yaro a ajinta mai irin sunana, in tana kiran rajista sai ta ce mai sunan Baba. Ko a Sakkwato can ƙarshen zauren ta zauna wajen mata, shi ya sa nake da tabbacin ba ta ga yadda aka yi ba. Abin mamaki, ni na koya mata baƙi da wasali tana 'yar shekara shida, lokacin har kunnenta nakan ja. Ni ne kuma, bayan an yi auren, na tsaya na ce sai ta tafi kwalejin ilimi, duk da surutun dangi. Amma tunda ta shigo gidana, maganar da ta haɗa mu ba ta wuce gaisuwa ba.

Ba zama na yi ba, na gwada. Wata rana bayan an tashi na kulle kaina a ofis da kwamfuta ɗaya na dinga dannawa. Ban san mi na taɓa ba, sai ta kama rera wa yara haruffa da iyakar ƙarfinta. Na danna ko'ina ta ƙi shiru. Na sa ta a durowa, ana ji. Na tuɓe babbar rigata na naɗe ta, na ɗora rajistoci a kai, na zauna ina zufa har cajin ya ƙare don kansa. Da gari ya waye na tarar da ita a kan teburina cike da caji, da wata 'yar takarda a ƙarƙashinta mai zanen gefen kwamfutar da kibiyoyi suna nuna madannai uku. Babu rubutu ko ɗaya. Ina jin daga kwalin da ƙungiyar ta kawo kwamfutocin a ciki ta faɗo, mai shara ya aje mani. Ta yi amfani dai, don yanzu na iya kunnawa, na iya kashewa, na iya rage murya. Iyakar ilimina ke nan, kuma ba zai cika kwana uku ba.

Sai na bi ta hanyar da muka saba. Na sa maiɗakina, Azumi, ta tambayi yarinyar yadda ake buɗe darasi, ta yi kamar ita ce ke son sani. Azumi ko wayarta mai madannai jikoki ke duba mata. Ta dawo ta ce an ce in shafa daga ƙasa zuwa sama a hankali kamar ana shafa wa jariri mai, zan ga wani abu mai kama da littafi. Na shafa, sai ga ramukan hancina sun cika fuskar kwamfutar. Azumi ta yi dariya har ta riƙe ciki, kuma tun ranar in ta kawo mani tuwo sai ta tambaye ni ko jagora ya gama shirin bita. Jelani kuwa ba zan neme shi ba. Hanyar Gandi ba ta da daɗin bi kwanakin nan, kuma ko ya zo na san karɓewa zai yi ya yi mani.

Na yi tunanin in ce idona ya taso, tunda dama ba shi da ƙarfi sosai. Na yi tunanin in kwanta ciwo ranar. Har na kama kaina ina fatan a saki ruwan dam ɗin Goronyo fiye da ƙima ya yanke hanya, sai na tuna albasata ce za ta fara tafiya, na yi istigfari.

Ina wasa da maganar ne don in iya rubuta ta, amma tsoro nake ji, Gwaggo. Ina tsoron in tsaya gaban mutanen da na koya wa karatu, su gane abin da na karɓa ba nawa ba ne. Shekara talatin da uku ban taɓa sa hannu a kan makin da yaro bai ci ba, ga shi ni na ci na banza a ƙarshen aikina. Abin da ya fi ci mani rai kuma shi ne yarinyar nan ta ga haka. Mi zan yi? In karya al'adar gidanmu in zauna gaban surukata kamar ɗan aji ɗaya, ko in nemi uzuri in tsira da mutuncina?

Naki,
Tsohon Mai Alli, ƙasar Rabah

*

Wa alaikumus salam, Baba Hedimasta.

Kafin komai, tunda ka ce gidanku na Fulani ne, bari in sanar da kai kakata ta wajen uwa Babarbariya ce. Don haka ina da ikon yi maka dariya, kuma na yi, musamman wajen babbar riga da rajistoci. Ka gaishe mini da Azumi, na ga za mu shirya da ita.

Laifin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Jelani da Zayyanu sun yi abin da aka rene su a kai, wato kada babba ya wahala suna kallo, sai dai a wannan karon ladabin nasu ya bar ka hannu wofi. Masu bitar ma da sun dubi yatsu maimakon majigi da sun gane. Amma kai ma ka faɗa da bakinka cewa rana ta biyu ka fara jin daɗi. Wannan naka ne, kuma na yaba da ba ka ɓoye shi ba. Injin ban ruwa ka iya shi ne saboda a fadama babu wanda ke karɓe maka sifana don girmamawa. Wannan ma za ka iya, in aka bar ka da ita.

Ba zan ce ka jefar da kunyar surukai ba. Ni ma na zauna da surukina shekara goma sha ɗaya, har ya rasu ban san yadda yake tauna abinci ba, kuma ban taɓa ganin na yi asara ba. Kunyar nan ita ke sa gida mai mutane da yawa ya zauna lafiya. Kiran Sa'adiyya ofis ku zauna kai da ita zai takura ta fiye da yadda zai takura ka, ƙila ma ta kasa furta komai. Wannan hanyar ka bar ta.

Sai dai akwai abin da ka manta game da suruka, ko da yake ba mamaki, tunda ba ka taɓa zama suruka ba. Wadda ke guje wa haɗuwa da kai dole ta san inda kake a kowane lokaci, in ba haka ba ta yaya za ta kauce? Daga ƙarshen zauren nan na Sakkwato babu kujerar da ta fi kallo kamar taka. Ta ga Jelani, ta ga Zayyanu, ta ga lokacin da ka daina miƙa yatsa. Takardar nan mai kibiyoyi kuma, Baba, kwalin ƙungiya ba ya sa kwamfuta a caji. An yi zane ne ba rubutu don kada ka gane hannun. Tambayar Azumi ma ba ta ruɗi kowa ba. Abin da kake tsoron ta gani ta daɗe da gani, kuma har yanzu tana durƙusa maka kowace safiya.

Uzurin ciwo kuwa ka cire shi daga ranka. In ka kwanta a wannan karon za a ɗage bitar ne a jira ka warke, kuma ba za ka yi ta jinya har shekara biyu ba.

Ga abin da nake gani. Gobe ka rubuta wa wakiliyar ƙungiyar, a taƙaice, ka gaya mata yadda aka yi, ka ce malamar aji uku ce za ta koyar, kai za ka shugabanci taron ka kula da baƙi. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun fi son gaskiya da wuri a kan abin kunya a gaban wakilinsu. Amma kafin takardar ta tafi, Azumi ta kai wa Sa'adiyya saƙon, wannan karon da sunanka, ta kuma ji ta bakinta. A sanar da mijinta shi ma, kada ya ji a bakin mutane. In ta ce nauyin ya yi mata yawa ita kaɗai, a nemo mata wata daga cikin matan da suka je Sakkwato su kama tare.

Koyon naka kuwa yana cikin aikinka tun asali. Hedimasta yana da ikon shiga kowane aji ya zauna a baya ya duba yadda malami ke koyarwa. Ka ɗauki kwamfuta ɗaya da littafin duba aiki, ka shiga aji uku kullum har sati ukun nan su cika. Ita da yara take magana, kai aikinka kake yi. Ba ta kalle ka ba, ba ka kalle ta ba, al'ada tana nan yadda take. Duk abin da ta ce yara su danna, kai ma ka danna. Kada ka yi mamaki in ka ga ta koma darussan farko tana maimaitawa a hankali, wai don yaran da ba su gane ba. Ranar farko za ta takura, ka yi haƙuri, ka sa idonka a kan kwamfutarka.

Ranar bitar, kai za ka buɗe taro, kuma ina so ka ba da labarin nan da bakinka, yadda ka ba ni shi, har da hancin. Sannan ka kafa doka ɗaya: kada kowa ya taɓa kwamfutar wani, mai taimako ya sa hannunsa a baya ya yi bayani da baki. A cikin mutum ashirin da bakwai ɗin nan na tabbata akwai dattawa huɗu ko biyar da ake shirin yi wa irin hidimar da aka yi maka, kuma kowannensu yana da yara cike da aji suna jiran ya dawo da abin hannu. Babu wanda zai iya hana wannan ladabin sai wanda ya fi kowa girma a wurin. Bayan nan ka koma gefe inda idon Sa'adiyya ba zai dinga faɗawa kanka ba, ka zauna cikin masu koyo.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da za ka rasa. Za a yi dariya, wasu za su kai labarin kasuwar Gandi su ƙara masa gishiri, Jelani da Zayyanu za su ji nauyi, sunan jagora kuma zai koma kan wata. Zai yi zafi na 'yan kwanaki. Amma dariyar da mutum ya fara yi wa kansa ba ta daɗewa, wadda aka yi masa bayan an kama shi ita ce ke bin sa har gida bayan ya aje aiki.

Ka cika takardarka da tsoron abin da zai same ka, ban ga inda ka tsaya ka yi tunanin halin da Sa'adiyya take ciki ba. Yarinyar nan ta ga takardar bitar kamar yadda ka gani, ita ma tana ƙirga kwanakin. Ta san abin da ke jiranka, ta san maganinsa, kuma ba ta da bakin faɗa maka. Ba za ta gaya wa mijinta ba, don mahaifinsa ne kai. Ba za ta gaya wa malamai ba, don shugabansu ne kai. Tun daga Sakkwato take ɗauke da asirinka ita kaɗai. Ka sauke mata shi, Baba, tun a wannan satin.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa ka aje aikinka lafiya da mutuncinka, ya yi wa Sa'adiyya albarka, ya raya yaran makarantarku.

Taka,
Gwaggo Mairo